Yadda Haɓaka Sanduna da Ƙwallo Ke Sauya Tashin Bugu a Wasannin Golf na Intanet

Sau da yawa ɗan wasan golf na intanet yakan tara sulallansa ya sayi sanduna masu tsada, washegari ya ga wasansa ya lalace. Ƙwallon da a da take sauka gaban tuta ta gangara zuwa bakin rami, yanzu sai ta sauka ta ƙame yadi goma kafin ramin. Iskar da ba ta wuce ta ɗan ture ƙwallo ba, yanzu ɗauke ta take yi ta jefa cikin yashi. Wasu sai su ce wasan ne ke musu maguɗi don su ƙara kashe kuɗi. Alhali sandar ta yi aikin da aka saye ta dominsa, wato ta ɗaga ƙwallo sama. Inda gizo ke saƙar shi ne, duk lissafin da ke kan ɗan wasan, da duk abin da yatsansa ya saba, na tsohuwar sanda ne.

Wasanni biyu za su ishe mu misali, domin kowanne hanyarsa daban. WGT Golf, wanda kamfanin Topgolf ya saya a 2016, yana ƙoƙarin kwaikwayon golf na zahiri, har filayensa ma daga hotunan filaye na gaske aka gina su, irin su St Andrews da Pebble Beach da Bethpage Black. Shi kuma Golf Clash, wanda kamfanin Playdemic na Ingila ya fitar a 2017 kafin kamfanin wasanni na EA ya saye kamfanin a 2021, ya sauƙaƙa abubuwa don wasan waya na 'yan mintuna. A na farko, tsayin tashin ƙwallo yana cikin siffofin da ake rubutawa a jikin kowace sanda. A na biyu ba a rubuta shi, amma tasirinsa na nan a ɓoye cikin lissafin iska da na tudu.

Me ke ɗaga ƙwallo?

Abubuwa uku ne: kwanciyar fuskar sanda, saurin da ƙwallo ta bar sandar da shi, da juyin baya, wato yadda ƙwallo ke juyawa ta baya tana cikin tafiya. Fuskar direba, babbar sandar bugun farko, kusan a tsaye take, tsakanin digiri 8 zuwa 12. Ƙarfe mai lamba 7, ɗaya daga cikin sandunan matsakaicin nisa, yana wajen digiri 30 zuwa 34. Wejin yashi, gajeriyar sandar fitar da ƙwallo daga yashi, yana kai 54 zuwa 56, akwai kuma masu 60 ko fiye. Gwargwadon kwanciyar fuska, gwargwadon yadda ƙwallo za ta tashi a miƙe kuma ta ɗauki juyi. Juyin bayan nan shi ne ke sa iskar da ke bi ta saman ƙwallo ta fi ta ƙasa sauri, sai ƙwallon ta samu abin da ke tallafe ta sama. Ƙananan ramukan da ke jikin ƙwallon golf, waɗanda yawanci sun haura 300, suna taimaka wa wannan.

Akwai wani abu a alƙaluman Trackman, na'urar auna tashin ƙwallo, na ƙwararrun gasannin PGA Tour na Amurka, da ya kamata duk mai wasan nan ya riƙe. A matsakaici, ƙwallon da aka buga da direba da wadda aka buga da ƙarfe mai lamba 7 da wadda aka buga da wejin farko, wato wejin da ke biye da sandunan ƙarfe, duk ƙololuwarsu na wajen yadi 30 ne. Bambancin yana wurin sauka. Ta direba tana saukowa a kusurwar da ba ta kai digiri 40 ba, da juyin da bai kai 3,000 a minti ɗaya ba. Ta ƙarfe mai lamba 7 tana saukowa a wajen digiri 50, da juyi kusan 7,000. Ta weji ta haura 9,000. To idan aka ce sabuwar sanda tana "tashi sama", abin da ya shafi makinka shi ne kusurwar da ƙwallo za ta faɗo da ita, da daƙiƙoƙin da za ta yi a sama kafin ta faɗo.

Ga dalili a lissafe. Ƙwallon da ta sauko a digiri 38, kusan kashi 79 cikin ɗari na saurinta gaba yake tafiya. Wadda ta sauko a digiri 50, kashi 64 ne kawai. Ta farko za ta yi tsalle mai tsawo ta ci gaba da gangara. Ta biyu za ta daki ƙasa, ta yi ɗan tsalle, juyin baya ya kama ciyawa ya tsayar da ita. Wannan shi ne ainihin abin da ake saya idan an sayi sandunan ƙarfe masu tsada a WGT, ya ma fi ƙarin nisan muhimmanci. Sandunan da ake ba sabon ɗan wasa kyauta suna tafiya ƙasa-ƙasa kuma juyinsu kaɗan ne. Suna isa a matakin farko, inda wurin bugu yake kusa kuma dandalin rami, wato shimfiɗar gajeriyar ciyawa da ramin yake ciki, ba shi da santsi sosai. Da mutum ya hau matakan gaba, sai a ja wurin bugun farko baya, dandali kuma ya ƙara sauri. Daga nan ƙwallo mai zuwa ƙasa-ƙasa ba ta iya zama: ta sauka a tsakiya, ta zarce ta bayan dandali. A fili kamar Oakmont, wanda ya yi suna wajen saurin dandalinsa, ko Bethpage Black, inda ramuka da yawa suke kan tudu da yashi a gabansu, ba a samun hanyar gangaro da ƙwallo daga nesa. Dole ta zo ta sama.

Kuɗin da ake biya da iska

Tsayi ba ya zuwa kyauta. Ƙwallon da ta ƙara hawa tana ƙara jimawa a sama, iska kuma tana aiki a kanta ne duk tsawon wannan lokacin. Bugun direba na ƙwararre yakan yi wajen daƙiƙa 6 a sama. Ƙarin rabin daƙiƙa a kan wannan ya isa ya sauya inda iskar gefe za ta ajiye ƙwallo, musamman ma da yake a ƙarshen tafiya ne, lokacin da saurinta ya ragu, iskar ta fi samun galaba a kanta.

Iskar gaba ta fi kowace illa. Tana rage nisa, sannan tana ƙara wa juyin baya ƙarfin ɗagawa, saboda saurin iskar da ke wucewa ta jikin ƙwallo ya ƙaru. Sai ka ga ƙwallo ta yi ta hawa kamar ba za ta sauko ba, ta faɗo a tsaye can baya da inda aka nufa, wani lokacin ma ta ja da baya ta fice daga dandalin. Shi ya sa iskar gaba take cin nisa fiye da yadda iskar baya take bayarwa. Ƙa'idar da 'yan golf suka saba farawa da ita ita ce a ƙara kashi 1 cikin ɗari na nisa ga kowane mil ɗaya a awa na iskar gaba, a rage rabin kashi ga kowane mil ɗaya na iskar baya. Bugun yadi 160 da iskar gaba mai mil 12 ya zama kamar yadi 179. Idan iskar ta baya ce, ya zama kamar yadi 150. Wannan mafari ne kawai. Da tsofaffin sanduna masu tafiya ƙasa, za ka iya tarar da cewa kashi 1 ɗin ya yi yawa. Da sababbi masu tashi sama, kuma ka sa cikakken juyin baya, zai iya yin kaɗan. Wanda ya ɗauko lambar da ya saba ya ɗora wa sabuwar sanda, ƙwallonsa za ta riƙa faɗuwa gajere a iskar gaba, ya rasa dalili.

Maganin yana hannun ɗan wasa, kuma nan ne amfanin sanda mai kyau yake fitowa. Sandar da ke iya tashi sama ana iya sa ta yi ƙasa, amma wadda ba ta iya tashi ba ta da wata dabara. A WGT akwai ɗigo a jikin hoton ƙwallo: a ja shi ƙasa juyin baya ya ƙaru ƙwallo ta ƙara hawa, a tura shi sama tashin ya ragu gangara ta ƙaru. Akwai kuma zaɓin bugun danne, wanda ke tafiya ƙasa da nisa kaɗan. Idan iskar gaba ta yi ƙarfi, a ɗauki sandar da ta fi tsawo da lamba ɗaya ko biyu, a mayar da ɗigon kusa da tsakiya, a rage ƙarfin bugu. Ƙwallo za ta ratsa iskar maimakon ta hau kanta, iskar da kanta kuma za ta taimaka wajen tsayar da ita idan ta sauka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar ɗigon a can ƙasa a kowane bugu don kawai an ga yadda ƙwallo ke tsayawa cak a ranar da ba iska. A St Andrews, inda ƙasa take da tauri, dandali kuma manya-manya har bakwai daga cikinsu ramuka biyu ke rabawa, sau da yawa bugun ƙasa mai gangara ya fi na sama aminci. Haka ma a filin Kiawah na bakin teku idan iska ta taso.

Tudu da kwari

Wannan ɓangaren mutane kaɗan ne ke lura da cewa ya sauya bayan haɓakawa. An saba cewa duk ƙafa 3 na tudu a ƙara yadi ɗaya. Wannan daidai ne idan ƙwallo tana saukowa a digiri 45. A ce dandalin ya fi inda kake tsayi da ƙafa 30, wato yadi 10. Ƙwallon da ke saukowa a digiri 38 za ta yi asarar kusan yadi 13, domin tana zuwa a kwance ta haɗu da tudun da wuri. Wadda ke saukowa a digiri 50 asararta ba ta kai yadi 9 ba. Bambancin yadi huɗu ke nan, kuma yadi huɗu a kan dandali ƙafa 12 ne, tazarar da ke raba bugun da ake sa ran ci da wanda ake fatan kada a ɓata. Don haka sanda mai tashi sama tana buƙatar ƙarin gyara a iska, amma gyaran tudu da kwari raguwa yake yi. Wanda bai san haka ba, zai riƙa wuce tuta a ramukan kan tudu.

A Golf Clash abin ya ɗauki wata siffa. Can juyin gaba da na baya suna sauya tsalle da gangarar da ke biyo bayan sauka, layin jagora kuma, wanda wasan ke zanawa don nuna hanyar da ƙwallo za ta bi, yana nuna maka su. Amma idan inda za a sauka ya fi wurin bugu ƙasa, ƙwallo tana ƙara jimawa a sama, iska kuma ta ƙara cin ta. Shi ya sa gogaggun 'yan wasa suke ƙara kashi 10 ko 20 cikin ɗari a kan lissafin iska a ramukan gangare, su rage a na hawa.

Zobba, allura da mita

Iko da bugu a waɗannan wasanni kashi biyu ne: sanin inda ƙwallo za ta je idan an buga daidai, da kuma iya buga daidai ɗin. Haɓakawa tana taɓa duka biyun, kuma ba koyaushe ta fuska ɗaya ba.

A Golf Clash wurin saiti yana da zobba biyar, da su ake auna yadda za a ja saiti don iska. Girman zobban ya dogara da daidaiton sanda. Idan daidaito ya ƙaru, zobban ƙanƙancewa suke yi. Ma'ana, idan a da zobe ɗaya yana ɗaukar iskar mil 2, iskar mil 8 zobba 4 ce. Aka haɓaka sandar har zobe ɗaya ya koma mil 1.6, iskar mil 8 ɗin ta zama zobba 5. Wanda ya ci gaba da jan zobba 4 ya bar kashi ɗaya cikin biyar na iskar bai gyara ba. Sannan ƙimar zobe tana sauyawa da nisa: iska ta fi tasiri idan sanda tana iyakar nisanta, ta ragu a tsakiya, ta ƙara raguwa a mafi kusa. Ƙarin ƙarfi a sanda yana matsar da waɗannan iyakoki uku. Ramin da a da kake bugawa da cikakken nisan doguwar ƙarfe, yanzu yana iya faɗawa tsakiyarta, ko ma ya faɗa daidai inda wasan ke sauya maka sanda daga ɗaya zuwa wata. Wannan wurin sauyi yana da haɗari sosai, domin kana jan saiti don iska sai sanda ta canza, zobba su canza girma, agogon bugu kuma yana tafiya.

Sandunan wasan ba daidai suke girma ba. Na gama-gari suna kaiwa mataki na 10, waɗanda ba a cika samu ba na 9, mafi daraja kuma na 8, kuma katunan da ake haɓaka waɗannan na ƙarshe da su suna da wuyar taruwa. Saboda haka sanda mai babban suna a mataki na 1 ko na 2 sau da yawa ba ta kai ta gama-gari da ke mataki na 7 ba. Direbar da ake kira Extra Mile tana ba da nisa tun da wuri amma daidaitonta kaɗan ne a ƙananan matakai, don haka ɗan kuskuren allura, wato tsinken da ke kaiwa da komowa wanda ake sakin bugu idan ya zo tsakiya, yana iya kai ƙwallo cikin doguwar ciyawa. Sandar da ake kira Sniper ba ta kai wasu nisa ba, amma daidaitonta da tsawon layin jagoranta sun sa ake riƙe ta har manyan matakai. A ganina, bayan an samu nisan da zai kai ka inda ake bukata, layin jagora ya fi duk sauran siffofi daraja, domin shi ke nuna maka tsalle na biyu da na uku, inda yawancin bugun ke lalacewa. Jan ƙwallo baya fiye da ƙima don neman ƙarin nisa kuwa yana ƙara wa allura sauri, abin da aka samu a nisa sai a mayar da shi a daidaito.

A WGT siffofin da ke riƙe da iko su ne daidaito, sassauci da saurin mita, wato ma'aunin da ke gudu a allo wanda ake tsayarwa a kan layin tsakiya don yin bugu. Daidaito yana rage warwatsuwar ƙwallo idan ka dace da layin tsakiya. Sassauci yana rage hukuncin idan ka kuskure shi. Sanda mai daidaito sosai da sassauci kaɗan ta dace da mai dacewa da layin akai-akai. Ga wanda yatsansa ke yawan rigaye ko makara, cutar da shi za ta yi. Saurin mita kuma dole a dube shi a kan jakar sandunan gaba ɗaya. Idan direba tana da mita mai sauri, sandunan ƙarfe mai sanyi, weji kuma wata daban, yatsa ba zai taɓa samun kari ɗaya da zai saba da shi ba. Gara sanduna matsakaita masu saurin mita kusa da juna da a haɗa fitattu uku masu saɓani.

Sai batun kason ƙarfi. Sandar da ke kai yadi 150, bugun yadi 140 kashi 93 ne nata. Sabuwa mai kai 165, bugun ya koma kashi 85. Bugun da bai cika ba yana fita da ƙarancin sauri da ƙarancin juyi, ya tashi ƙasa da cikakke, ya fi shi gangara, kuma nisan ba lalle ya bi kason daidai-wa-daida ba. Ga kuma giɓin da ke buɗewa a ƙasan jaka. Idan sabon jerin ƙarafa ya kai wejin farko daga yadi 100 zuwa 120, alhali wejin da ke biye yana nan a 75, an bar yadi 45 ba sandar da ke cike shi da cikakken bugu. Kuma wannan ne nisan da ake yawan samun kai a ciki bayan an ƙara nisan direba. Dokar golf ta taƙaita jaka ga sanduna 14, shi ya sa 'yan wasa da yawa suke ajiye ɗaya daga cikin dogayen sandunan da ba su cika amfani da su ba, su sa weji na uku.

Ƙwallo ita ma kayan aiki ce

Sauya ƙwallo yana taɓa kowace sanda a lokaci guda. A WGT ƙwallo tana da nisa, juyi, laushin da ke rage saurin mita, da kuma ƙarko, domin waɗanda ake saya suna ƙarewa da yawan bugu, kuma idan ta faɗa ruwa ta tafi ke nan. Ƙwallo mai juyi da yawa a kan weji mai juyi da yawa tana iya dawowa baya fiye da yadda ake so a dandali mai sauri, musamman idan dandalin ya karkato wajenka. A irin wannan hali ana neman a sauke ta bayan tuta ne, ko a rage juyin tun daga ɗigo. A Golf Clash ƙwallo tana ɗauke da juriyar iska, juyin gefe da ƙarfi. Juriyar iska tana rage lambar iskar da za a gyara wa, amma ƙarfi yana miƙa nisan sanduna, wanda ke nufin ƙimar zobba ta sake motsawa. Wanda ke sauya ƙwallo daga wasa zuwa wasa gwargwadon abin da ya rage masa, a kowane wasa da sabuwar jaka yake shiga.

Yadda ake sake auna jaka

Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Idan an sayi sanduna, a bar ƙwallon yadda take har a gama aunawa. A shiga wasan gwaji, a zaɓi iska mafi ƙanƙanta da rami mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Kowace sanda a buga ta da cikakken ƙarfi sau biyar a wurare uku na ɗigo: tsakiya, rabin juyin baya, da cikakken juyin baya. Bugun da bai dace da layin tsakiya ba kada a rubuta shi. Lambobi biyu ake so daga kowane bugu, inda ta sauka da inda ta tsaya, domin jimillar nisa kaɗai ba za ta gaya maka ko za ka tsallake yashin da ke gaban dandali ba. Ga weji da gajerun ƙarafa, a maimaita a kashi 90 da 80 da 70. Bayan nan sai a koma iska mai ƙarfi, a buga nisa ɗaya da iskar gaba da ta baya da ta gefe, a fitar da sabon kason gyara ga gajeru, matsakaita da dogayen sanduna daban-daban, tunda ba ɗaya ba ne.

Wajen tsarin saye, a WGT sandunan ƙarfe da weji ne suka cancanci kuɗin farko, domin su ke kai ƙwallo kusa da rami, sai fa idan an riga an ja maka wurin bugu baya har ba ka iya kai dandali da bugu biyu a dogayen ramuka, nan direba ce gaba. A Golf Clash kowace haɓakawa tana cin sulalla, kuma da sulallan nan ne ake shiga wasa, don haka ba hikima ba ce a haɓaka sandar da ba ta cikin jakar da ake fita da ita. Kuma kada a haɓaka komai ana tsakiyar gasa. Bayanan da ka tara a zagayen share fage, na zobba nawa za a ja da inda za a sauke ƙwallo a kowane rami, a kan matakin sandar na lokacin suka tsaya, mataki ɗaya da aka ƙara ya isa ya sa a sake su daga farko.